Gishiri da Maƙoƙo: Daga Ayarin Gwanja zuwa Kasuwar Nima

Laraba ce ranar kasuwar Nima. Tun kafin gari ya waye motocin da suka kwana a hanya daga Tamale da Bolgatanga da Bawku suke fara sauke buhunan gero da masara da wake, 'yan matan kayayei kuma na kutsawa tsakanin jama'a da manyan kwanuka a ka. A layin masu kayan miya, kusa da daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa da karan dafin da ake dafa waakye da shi, akwai gishiri iri biyu. Na farko tsibi ne a cikin daro, ƙwayoyinsa manya, da ɗan duhu da danshi, ana auna shi da olonka, gwangwanin awon nan da kowa ya sani a kasuwannin Ghana. Na biyu fari ne fat, mai laushi, a ƙulle cikin ledar kamfani da rubutu a jiki. Sau da yawa mai cefane za ta miƙa hannu ta ce, "Hajiya, a zuba mini na awo, ya fi auki." Ta yi gaskiya, ya fi auki kuma ya fi araha. Amma abin da ya raba gishirin nan biyu ya wuce kuɗi, domin ya shafi wuyan matar, da cikin da take ɗauke da shi, da ƙwaƙwalwar yaron da za ta haifa.

Mutanen zango sun daɗe da sanin gishiri, don da shi da goro da kanwa aka kafa zangunan tun asali.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin ɗansa Yakubu kuma Asbinawa suka shigo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Ke nan gishirin Sahara da goron kurmi kusan tare suka shigo kasuwannin Hausa. Daga baya, musamman a ƙarni na 19, hanyar Gwanja ta zama babbar hanyar arziki. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna haɗa ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu na gaba da ikonsa, jagaba na duba hanya, a bi ta Yawuri a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a sauka Jugu da Sansanne Mango da Yendi, har a isa Salaga. Tafiya ce ta watanni. Ana kai tufafin Kano da fatun da aka jeme da kanwa da busasshiyar albasa da dabbobi, a komo da goro. Akwai kuma abin da tarihi ba zai ɓoye ba, wato Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma an sayar da 'yan Adam a filin da ake sayar da goro. Duk inda ayari ya yada zango ya daɗe, sai wurin ya zama unguwa, da masallacinta da limaminta da masu masaukinta. Kalmar zango da ake kiran unguwannin baƙi da ita a duk faɗin Ghana daga nan ta fito.

Gishirin da ake ci a wannan yanki ta hanyoyi da dama yake zuwa. A ƙasar Hausa akwai kantu da beza na Bilma da Buzaye ke kawowa a raƙuma, da mangul na ƙasar Manga, da gishirin Fogha. A Gwanja kuwa garin Daboya, a bakin Farar Volta, ya shahara da gishirin da mata ke samu ta hanyar kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Daga kudu kuma gishirin Ada ne, wanda rana ke busarwa a tafkin Songor, ana ɗora shi a kwale-kwale a hau kogin Volta da shi zuwa Kete Krachi da Yeji, daga can a shiga da shi arewa.

A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Tonawa, mutanen Kumasi, a kan Salaga ya karye, goro ya fara canja hanya. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga ɗin kanta, malamai da fatake suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Kintampo da bakin teku. Cikin waɗanda suka fita har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi ya yi limanci da rubuce-rubuce har ya rasu a 1934. Akra, wadda tsofaffin zango ke kira Ankara, ta riga ta zama hedikwatar mulkin mallaka tun 1877, kuma jiragen ruwa sun fara ɗaukar goro daga nan zuwa Ikko. Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya samu fili a 1881 ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajajen 1910. Nima ta zo daga baya: a 1931 Malam Amadu Futa, malami kuma mai harkar shanu, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao, wurin ya zama mashaya da masaukin baƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da mutane, saboda barikokin soja da asibitin 37, wanda aka buɗe a 1941, sun jawo ma'aikata, sojojin da suka komo daga yaƙi kuma da yawa nan suka sauka. Maamobi ta tsiro a gefenta. Dagomba da Frafra da Kusasi da Sisala da Wala, Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarabawa, kowa ya zo da harshensa, Hausa ta haɗa su.

Da yawa daga cikinsu sun zo da wani abu a wuya.

Maƙoƙo tsohon ciwo ne a ƙasashen da ke nesa da teku. Duk wanda ya taso a zango ya taɓa ganin wata dattijuwa da kumburi a gaban wuya, wani kamar ƙwan kaza, wani ya kai ƙoƙo, tana rufe shi da mayafi ko gefen ɗankwali. Yana motsawa sama in ta haɗiyi yawu. Mata ya fi kamawa, kuma yakan fito ko ya ƙaru a lokacin balaga da lokacin ciki. Mutane sun yi ta neman dalilinsa. Wasu sun ɗora laifin a kan ruwan wata rijiya ko wani rafi, wasu sun ce gado ne, wasu sun ce sammu ne ko jifa. An kai shi wurin wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, an shafa saiwoyi, an sha rubutu, an rataya laya. Masu zargin ruwa da ƙasa su ne suka fi kusa da gaskiya, don kuwa ciwon daga abin da ƙasar ta rasa yake tasowa.

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. Aikinta shi ne haɗa wani sinadari mai suna tayiroksin ta zuba shi cikin jini. Irin waɗannan sinadarai su ake kira homon, kuma matsayinsu a jiki kamar na ɗan aike ne: wata gaɓa ce ke haɗa su, jini ya ɗauke su, su je su gaya wa sauran gaɓoɓi abin da za su yi. Saƙon tayiroksin ya shafi saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman ƙashi, da ginin ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tayirod ba ta iya haɗa shi sai da aidin, kuma jiki ba ya ƙirƙirar aidin, sai dai ya samu daga abinci. Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, maikirogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. In an tara na tsawon rayuwar mutum bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba.

Idan aidin ya yi ƙaranci, tayiroksin ya ragu a jini, sai wata tsoka mai girman ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta ƙara aiko da nata saƙon, wanda ake kira TSH, tana matsa wa tayirod ta ƙara ƙoƙari. Tayirod ta yi ta faɗaɗa don ta kama ɗan aidin ɗin da ke yawo cikin jini. Wannan faɗaɗawa ita ce maƙoƙo.

Teku ce rumbun aidin. Ruwan sama da ambaliya na dubban shekaru sun wanke shi daga ƙasar tudu sun kai shi can, shi ya sa hatsin da aka noma a irin wannan ƙasa da ruwan da aka sha daga cikinta duk ba su da shi sosai. Mutumin Ga da ke bakin teku a Chorkor ko James Town yana samun nasa daga kifin teku da yake ci kullum. Manomin Bongo ko Jirapa kuwa tuwon gero ko dawa yake ci da miyar ganye. An kuma gano cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfi, haka rogon da ba a jiƙa shi aka sarrafa shi da kyau ba, kuma illarsu ta fi fitowa a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Gishirin Daboya da na Bilma ba su cike giɓin ba. Ko na Ada da aka samo daga ruwan teku, aidin ɗin da ke saura a cikinsa bayan rana ta busar da shi bai taka kara ya karya ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai gishiri ƙasashen maƙoƙo, ba tare da kowa ya san cewa abin da suke ɗauke da shi ne wata rana zai zama abin hawan maganin ba.

Kumburin wuya shi ido ke gani, amma ɓarnar da ba a gani ta fi shi girma. Mace mai ƙarancin aidin ta fi fuskantar ɓari da haihuwar ɗan da bai zo da rai ba. Idan ƙarancin ya yi tsanani, yaro kan zo da raunin ƙwaƙwalwa na dindindin, wani da kurumta da bebantaka, wani ya ƙi tsawo. Idan kuma bai yi tsanani ba, babu alamar komai a jikin yaron, sai dai karatu ya riƙa yi masa nauyi, a allo ko a boko, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana ƙarancin aidin a matsayin babban abin da ke jawo lalacewar ƙwaƙwalwa wanda ake iya hana shi.

Gano maganin ya ɗauki fiye da shekara ɗari. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin tokar ciyawar teku. A 1820 likita Coindet na birnin Janiba ya fara ba masu maƙoƙo shi, kumburin wasu ya ragu, amma da aka riƙa ba da shi da yawa sai ya cutar da wasu, mutane suka tsorata. A 1883 Theodor Kocher, likitan tiyata a Bern, ya ba da rahoton abin da ya samu marasa lafiyar da ya cire wa tayirod gaba ɗaya: sun kumbura, sun yi sanyi, tunaninsu da maganarsu sun yi nauyi, yaran cikinsu sun daina girma. Nan aka fahimci cewa tsokar tana ba jiki wani abu da ba ya rayuwa daidai sai da shi. A 1891 George Murray a Ingila ya yi wa wata mata mai shekara 46, wadda tayirod ɗinta ta daina aiki, allurar ruwan da ya tatso daga tayirod ɗin tumaki. Matar ta farfaɗo, ta ci gaba da shan maganin, ta ƙara shekara 28 a duniya. Wannan na cikin karo na farko da aka yi wa ɗan Adam magani ta hanyar mayar masa da homon ɗin da jikinsa ya rasa. Edward Kendall ya ware tayiroksin zalla a Amurka a 1914, sannan a 1927 Harington da Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji a Landan.

Riga-kafin kuwa a makaranta aka gwada shi. Daga 1917 David Marine ya riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na jihar Ohayo. Cikin 2,190 da suka sha, biyar kacal suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka yi. Tambayar da ta rage ita ce ta yaya za a kai wannan ɗan mitsitsin abu bakin kowa, kullum, mai kuɗi da talaka. Amsar ita ce gishiri, domin babu gidan da ba a sa shi a tukunya, kuma kusan gwargwado ɗaya kowa ke ci. Siwizalan ta fara sayar da gishiri mai aidin a 1922, jihar Mishigan ta bi a 1924, cikin 'yan shekaru maƙoƙo ya ja baya a wuraren da a da aka ɗauke shi tamkar halitta. A ƙarshen shekarun 1960 kuma binciken da Basil Hetzel da abokan aikinsa suka yi a tsaunukan Papua New Guinea ya nuna cewa in mace ta samu aidin kafin ta ɗauki ciki, ana kare jaririn daga raunin ƙwaƙwalwa. A taron ƙoli kan yara da aka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990 shugabannin ƙasashe suka yi alkawarin kawar da matsalar kafin shekarar 2000.

Ghana ta fara da auna girman abin. Tsakanin 1991 da 1994 masana daga Jami'ar Ghana da ke Legon tare da Ma'aikatar Lafiya suka zagaya gundumomi 27 suna duba wuya da fitsari. Matsalar ta fi tsanani a arewa, inda a Bongo da Jirapa fiye da rabin waɗanda aka duba suke da maƙoƙo. Waɗannan yankuna kuwa su ne tushen dubban iyalai a Nima da Maamobi. A 1996 aka yi wa dokar abinci da magunguna gyara da doka mai lamba 523, wadda ta wajabta sa aidin a gishirin mutane da na dabbobi, kuma Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta sake tabbatar da haka. A shekarar 2000 kamfanin Unilever ya fito da gishirin Annapurna cikin ƙananan ledoji da talaka zai iya saya, aka yi ta tallarsa a rediyo da makarantu. Binciken da aka sake yi a Bongo da Jirapa bayan wasu shekaru ya nuna maƙoƙo ya ragu sosai.

Duk da haka aikin bai kammala ba, kuma dalilin yana cikin yadda sana'ar gishirin take. Nijeriya, wadda ta kafa tata dokar a 1993, yawancin gishirinta daga waje yake shigowa ta hannun manyan kamfanoni ƙalilan, saboda haka tsare ƙofa bai yi wuya ba, har ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka ba shaidar cewa gishirinta ya wadatu da aidin. Ghana kuwa ita ke yin gishirinta, tana ma sayar wa Burkina Faso da Nijar da Togo. Ban da kamfanoni irin su Panbros da ke bakin kogin Densu a yammacin Akra, akwai dubban ƙananan masu kwasar gishiri a Songor da Keta da Elmina da Nyanyano, yawancinsu mata, waɗanda ke shiga cikin ruwan gishiri da daro su kwaso, su tara tsibi, ɗan kasuwa ya zo da mota ya saya a buhu. Mai irin wannan ƙaramin jari ba ta da injin gauraya, kuma hodar aidin ɗin daga ƙasashen waje ake sayo ta. Shi kansa tafkin Songor ya sha rikici kan wa ke da ikon kwasa: a 1985 harsashin 'yan sanda ya kashe wata mata mai ciki a wurin, a 1992 gwamnati ta karɓi tafkin a hannunta da doka, a 2020 kuma aka ba kamfanin Electrochem hayarsa, abin da ya sake tayar da ja-in-ja da mutanen Ada. Binciken gidaje na ƙasa da aka yi a 2011 ya samu cewa kusan gida ɗaya cikin uku ne kawai ke amfani da gishirin da aidin ɗinsa ya kai yadda ake so.

Ko gishirin da aka sa wa aidin yana iya rasa shi a hanya. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Aidin ɗin da ke cikinsa kuwa rana da ruwa duk suna cinye shi. Buhun da ya kwana a danshi, ko tsibin da ya wuni a buɗe cikin ranar Akra, yana iya isa tukunya da saura kaɗan. Ma'aikatan lafiya na da wata 'yar kwalba ta gwaji: a ɗebi gishiri a cokali, a ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu, in akwai aidin nan take wurin ya rine ya koma shuɗi, in babu ya tsaya fari yadda yake. An sha yin wannan gwaji a gaban 'yan makaranta da gishirin da suka ɗebo daga ɗakin girkin iyayensu.

Wani taimako ya zo ta inda ba a zata ba. Dunƙulen magi da ake jefawa a kusan kowace miya, da gishiri mai aidin ake yin da yawa daga cikinsa. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan 'yan makaranta a arewacin Ghana ya gano cewa fiye da kashi biyu cikin uku na aidin ɗin da yaran ke samu daga abinci, daga dunƙulen yake fitowa. Likitoci dai na jan kunne cewa wannan ba lasisin cika miya da magi da gishiri ba ne, don hawan jini ya yi yawa a unguwannin birni. Abin da ake nema shi ne a rage yawan gishiri, amma ɗan da za a ci ya zama mai aidin.

Ba kowane ciwon tayirod ne gishiri ke magancewa ba. Akwai wadda garkuwar jikinta ce ke cin tsokar a hankali, akwai wanda aka yi wa tiyata aka cire ta, akwai jaririn da aka haifa ba shi da ita ko tasa ba ta aiki, abin da ke samun kimanin ɗaya cikin jarirai 2,000 zuwa 4,000. Babba mai ƙarancin tayiroksin yakan yi fama da kasala da yawan barci, jin sanyi ko ana zafi, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, da mantuwa. Mace kuma al'adarta kan rikice, haihuwa ta yi wuya. Irin wannan mata a gidan haya na Maamobi, mai tashi da asuba ta dama koko ta soya ƙosai, an fi saurin ce mata ta yi lalaci ko tana da damuwa, alhali gwajin jini ɗaya na TSH zai iya nuna abin da ke damunta. Jariri kuwa alamunsa su ne shawarar da ta ƙi wucewa, yawan barci, rashin kama nono, da kuka mai kaushi, kuma in an fara ba shi magani cikin makonnin farko yana tashi da lafiyar ƙwaƙwalwarsa.

Maganin ƙwaya ce ƙarama, sunan da ke jikin kwalinta levothyroxine. A masana'anta ake haɗa ta, ba daga jikin dabba ba, abin da ya kamata Musulmin da ya ji labarin tumaki da aladun da aka yi amfani da su a da ya sani. Ana shan ta sau ɗaya a rana da ruwa, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya. Ba a haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarin ƙarfin ƙashi sai an ba da tazarar kamar awa huɗu. Bayan mako shida zuwa takwas a sake gwajin jini a daidaita adadin. Mai ciki takan bukaci ƙari, don haka da zarar ta ga alamar ciki sai ta koma wurin likita. Da azumi kuma likita na iya mayar da lokacin shan zuwa kafin sahur ko lokacin kwanciya. Yawancin masu shan ta har ƙarshen rayuwa za su sha, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ji sauƙi a ajiye.

Wannan hanya ta mayar wa jiki abin da ya rasa ita ce dai ake bi a sauran cututtukan homon. Insulin da aka gano a Toronto a 1921, aka fara yi wa wani yaro allurarsa a Janairun 1922, shi ke riƙe da ran duk yaron da ke da ciwon sukari nau'i na ɗaya, kuma tun 1982 ake samun irin na ɗan Adam da aka haɗa a masana'anta. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, ƙarfi ya ƙare, mai yiwuwa fituwitarinta ce ta samu rauni, ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937, kuma ita ma ƙwayoyin homon ke tayar da ita.

Tsohon maƙoƙon da ya yi shekaru ya yi ƙulli-ƙulli ba ya narkewa da gishiri. Wani lokaci ma, idan aidin ya shigo jikin da ya daɗe da rashinsa, tsokar kan wuce gona da iri, mutum ya riƙa ramewa yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi na zuba. Likitocin asibitin Komfo Anokye a Kumasi sun ga ƙaruwar irin wannan a shekarun da suka biyo bayan dokar 1996. Shi ma yana da magani. Shi ya sa duk kumburin wuya ke bukatar a duba shi, musamman wanda ke girma da sauri, ko ya dushe murya, ko ya hana haɗiya da numfashi. Babban asibitin Maamobi na cikin unguwa, asibitin 37 na kusa, asibitin Korle Bu kuma, wanda Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923, yana da likitocin homon da na tiyata da ake tura masu irin wannan ciwo wurinsu.

Jikokin fataken da suka kawo kanwa da gishiri Gwanja su ne yau ke riƙe da rumfuna a Nima, su ke dafa waakye da tuwon zafi da dubban mutanen Akra ke ci kowace rana. Mai sayar da abinci ɗaya da ta koma gishiri mai aidin ta ciyar da shi ga ɗaruruwan bakuna a mako. Ya kamata shugabannin matan kasuwa su nemi Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta riƙa zuwa da kwalbar gwaji ranar Laraba, a gwada buhu tun yana kan mota kafin a sauke. Sarakunan zango da limamai su sa maganar cikin wa'azin suna da na ɗaurin aure, inda mata masu haihuwa suke taruwa, haka ranar 21 ga Oktoba da aka keɓe a duniya don tunawa da wannan matsala. Uwargida kuma ta duba rubutun aidin a jikin leda kafin ta biya, ta juye gishirin cikin gwangwani mai murfi nesa da murhu da danshi, ta riƙa zuba shi in miya ta kusa sauka. Wadda ta ga kumburi a wuyanta ko a wuyan 'yarta, ta ɗauki katin inshorar lafiyarta ta tafi asibitin Maamobi a duba ta.